Kaskon Gwaggo Rohaya

Akwai wata dattijuwa a garinmu Pontian, ana ce mata Gwaggo Rohaya. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma ita ta raini Suriani, 'yar ƙaninta, har ta aurar da ita zuwa birni.

Abin da aka san Gwaggo da shi guda ne: jam ɗin abarba, wanda muke ɗorawa a kan 'yan biskit ɗin Sallah. Awa huɗu take yi tana tuƙa shi da muciya a wani tsohon kaskon tagulla, da kirfa da kanumfari, har ruwan ya ƙone ƙarƙaf. Nata yakan yi wata biyu bai lalace ba. Duk bikin da za a yi a unguwa, ita ake fara aika wa. Wannan ne ke fitar da ita daga gida, shi ne kuma darajarta a cikin mata.

Ana saura kwana shida Sallah, Suriani ta zo gida da wani injin dafa jam mai aiki da lantarki. Zuba kawai za ka yi ka rufe, ka danna, shi zai juya da kansa. Gwaggo ta leƙa cikinsa, ta taɓe baki, ta ce wannan na masu shafa wa burodi ne, nata sai an tsaya a kansa.

Ranar da aka goge abarbar, kafaɗar Gwaggo ta riƙe. Maƙwabciyarta Hajiya Zaiton ta ce sai ta kai ta asibiti. Kafin su fita Gwaggo ta miƙa wa Suriani muciya.

"Kada ki ɗaga daga kansa, 'yar nan. Sai kin ja muciya kin ga ƙasan kasko."

"Haba Gwaggo, kamar yau na fara gani? Ki tafi hankalinki kwance."

Suna fita Suriani ta juye abarbar cikin inji, ta danna, ta koma kan wayarta. Ga azumi, ga zafi, wa zai zauna gaban wuta? Jam ya fito jawur gwanin sha'awa. Ta bar shi ya huce, ta ɗora a kan biskit, ta gasa, ta jera a kwalabe. Injin kuwa ta mayar da shi kwalinsa.

Da Gwaggo ta dawo, ta daɗe tana kallon kaskon da ke kife a bakin famfo.

Ranar Sallah dangin Azlan, mijin Suriani, suka zo gaisuwa karon farko tun bayan biki. Maƙwabta ma sun cika falo. Surukar Suriani ta buɗe kwalba, ta ɗauki guda, sai ta tsaya. Biskit ɗin ya yi laɓo-laɓo, ga fumfuna fara ta hau kan jam ɗin. Aka buɗe ta biyu, haka. Ta uku ma haka.

Suriani ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Magana ta zo mata har baki, amma ta kalli surukarta, ta haɗiye.

Gwaggo ce ta yi dariya, ta tattara kwalaben.

"Ku yi haƙuri, baƙina. Hannu ya tsufa, ido ma ya fara gudu na."

Aka yi ta cewa ba komai, Allah ya ƙara lafiya. Hajiya Zaiton har ta tsokane ta, wai lokaci ya yi da za ta bar wa yara. Suriani ita ma ta yi murmushi tare da su, kuma wannan murmushin ne ya fi damun ta daga baya.

Ta koma birni, amma abin bai bar ta ba. Ko abarba ta gani a kasuwa sai ta kau da kai. Sai ga labari ya zo mata cewa an yi bikin jikar Hajiya Zaiton, kuma wata aka ba aikin jam. Don tausayi aka yi, wai kada a wahalar da tsohuwa. An yi biki na biyu ma, ba wanda ya aika wa Gwaggo.

Bayan wata biyu Suriani ta zo gida. Tun daga ƙofa ta hango kaskon tagullar a tsakar gida, an cika shi da ƙasa, an shuka barkono a ciki.

Ta durƙusa gaban Gwaggo tana kuka, ta faɗi duk abin da ta yi.

"Ai na sani tun ranar," in ji Gwaggo. "Kaskon da aka tuƙa jam a ciki sai ya kwana a jiƙe kafin ƙanzonsa ya fita. Ni kuwa na tarar da nawa fes."

"To me ya sa kika ce ke ce?"

"A ranar ne surukanki suka fara shigowa gidan nan. Ni na riga na ci sunana shekara talatin. Ke naki ko tsirowa bai yi ba."

Suriani ba ta zauna ba. Ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, ta fara da na Hajiya Zaiton, tana faɗin gaskiya da bakinta. Ta kira surukarta ma ta gaya mata. Kunya kam ta sha ta.

Da bikin gaba ya zo, aka aiko wa Gwaggo da abarba buhu biyu. Suriani ta zo gida, ta zubar da ƙasar da ke cikin kaskon, ta wanke shi. Yanzu inji ne ke yin awannin farko, marfinsa a buɗe don ruwan ya ƙone, sannan Suriani ta juye a kasko ta ƙarasa da muciya, Gwaggo na zaune tana mata faɗa. Sai dai kafaɗar Gwaggo ba ta sake yarda ba. Bukukuwa biyun da suka wuce ta su ne na ƙarshe da za ta iya tuƙawa da hannunta, kuma Suriani ta san haka.

Darasi: Idan ka yi kuskure, ka amsa shi tun a wurin, kafin mai ƙaunarka ya ɗauke maka shi a kansa. Gafara za ka iya samu daga baya, amma abin da shirunka ya raba shi da shi ba lallai ya dawo ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai gaskiyar da ya daɗe yana riƙewa.