Kasuwar da Aka Zana a Kan Fata

An ce wani sarki, tun zamanin da fatake ke auna tafiya da zango, ya yi baƙon wani magini mai suna Jibo. Mutumin nan ya san ciniki kamar yunwar cikinsa, don haka bai ɓata bakinsa da dogon zance ba. Sai ya shimfiɗa wata jemammiyar fatar saniya a gaban sarki, ga sabuwar kasuwa an zana a kanta: rumfuna a jere reras, soraye da ja da shuɗi, hanyoyi fetal. Ya ce in an rushe tsohuwar kasuwa an ba shi aikin, haka zai gina ta. Gani ya kori ji. Sarki ya duba, fadawa suka leƙa, kowa ya ce madalla, aka sa ranar rushewa.

Labari ya kai kunnen Malam Cindo, tsohon Sarkin Kasuwa wanda tsufa ya sa ya ajiye rawani. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, domin a kasuwar nan ya yi gemu, a nan ya yi furfura. Ya dogara sandarsa ya zagaya ta, ya tsaya a gindin tsamiyar da masu fura ke zama, ya tsaya a bakin rijiya, yana tsintar 'yan tarkace yana zubawa a burgami. Daga nan ya nufi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Sarki ya yi murmushi, ya ce, "Malam, na san abin da ya kawo ka. Amma ka fara gaya mini, me ya fi kunne saurin yarda?"

Ya ce, "Ido, ya sarki."

"To, me ke rinjayar ido?"

"Abin da ido ya taɓa gani, Allah ya ba ka nasara, har ya manta ya gani."

Sarki ya nuna fatar, ya ce, "Dubi wannan. Akwai aibi?"

Malam Cindo ya daɗe yana dubawa, gaskiya hoton ya burge shi shi ma. Ya ce, "Babu aibi ko ɗaya. Sai dai akwai wata al'ada a kasuwarmu tun kaka da kakanni: ba a sayar da tufa a ninke. Mai kaya zai warware ta a rana, ya nuna fuskarta, sa'an nan ya juya bayanta. Ya sarki, an nuna maka fuska. A juya mana mu ga baya."

Jibo ya yi dariya, ya ce, "Baba, ai babu kome a baya."

Ya ce, "Juya dai, ɗana."

Aka juya fata, ga ta wayam. Tsoho ya kwance burgami, ya ɗora guntun igiyar guga a kan fatar, ya ce, "Wannan rijiya ce, ba ta cikin hoton." Ya ɗora ɓawon tsamiya, ya ce, "Wannan inuwar masu fura ce, ita ma babu ita." Ya ɗora ɗan dutse, ya ce, "Wannan daga dakalin da makafi ke zama ne." A ƙarshe ya fito da wani tsohon ludayi mai ɗinki a baki, ya ajiye a gefensu.

Sarki ya miƙa hannu ya ɗauki ludayin. Ya shafa ɗinkin da babban yatsa. Ya ce a hankali, "Na Inna Kande ne. Ni na fasa shi. Ina ɗan sarki nakan sulale daga gida in zauna a gindin tsamiyar nan, ta dama mini fura, ta ce in sha in gudu kada a neme ni. Ranar da na fasa shi ko hararata ba ta yi ba."

Malam Cindo ya ce, "Ta daɗe da rasuwa, ranka ya daɗe. Jikarta ce a wurin yanzu, da marayu a hannunta. Jiya ta tambaye ni ina za ta ajiye ƙwaryarta in an rushe kasuwa."

Idon sarki ya cika da ƙwalla, bai kuwa ɓoye ba. Ya dubi Jibo, ya ce, "Ba ka yi mini ƙarya ba, magini. Mai talla abin da za a samu yake nunawa, aikinsa ke nan. Duban abin da za a rasa kuwa nawa ne, ni ne na yi sake." Ya umarta a sake zana kasuwar da tsamiyarta da rijiyarta da dakalinta, a kuma kai fatar tsakiyar kasuwa a shimfiɗa, kada a taɓa ko jinka ɗaya sai kowane mai rumfa ya ɗora yatsa a kan wurinsa.

Malam Cindo ya miƙa hannu zai karɓi ludayi, sarki ya riƙe, ya ce shi da kansa zai mayar wa mai shi. An ce ya je, ya zauna a gindin tsamiya, an dama masa fura ya sha.

Masu hikima suka ce: mai sayarwa ya nuna fuska ya isa, amma mai mulki ba ya zama adali sai ya juya baya ya ga waɗanda aka bari a can.