Gadon da Ya Ƙi Shiga Lungu

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana da mata mai suna Fibi. Sun daɗe suna roƙon Allah haihuwa kafin su samu. Ranar da naƙuda ta kama ta, matan unguwa suka cika ɗakin, uwarta Afiniki tana kan gaba. Manomin ya dawo daga gona ya tarar abin ya yi tsawo, ya ce a kai ta asibiti. Matan suka tare ƙofa. Suka ce namiji ba ya shiga ɗakin haihuwa, haihuwar fari dama takan ja lokaci, ya je ya zauna. Ya je ya zauna. Da aka haifi yarinyar, jini ya ƙi tsayawa, kafin mota ta kai su asibiti Fibi ta cika.

Bayan an binne ta, manomin bai yi faɗa da kowa ba. Ya sa wa jaririyar suna Godiya, kamar yadda uwarta ta so, ya kwashe kayansa ya koma ɗakinsa na gona can hayin rafi. Magana ɗaya ya bar wa mutanen gari: "Kun hana ni shiga, na tsaya a waje. Yanzu ku ma ku tsaya a waje."

Ya daina zuwa sujada a coci. Ya koyi dama madara, ya koyi wankin tsumma. Goyo ne ya gagare shi, in ya ɗaura zane ta nan sai ya kwance ta can. Duk wanda ya taɓa ganin namiji yana kokawa da zanen goyo ya san abin dariya ne, amma a hayin rafi babu mai yin dariyar. Sai ya riƙa kwantar da Godiya a tabarma, har ranar da ya ga kunama tana wucewa dab da ƙafarta.

Ran kasuwa ya rungumi 'yarsa ya tafi wurin kafinta neman gadon jariri. Aka nuna masa masu kusurwa huɗu, ya shafa bakinsu ya ji kaifi, ya girgiza kai. Can baya ya hango wani zagayayye kamar bakin ƙwarya, da sanduna kewaye da shi.

Kafinta ya ce, "Wata mata ce daga birni ta sa na yi, ba ta dawo ba. Yana da kyau, sai dai yana cin wuri."

Manomin ya bi bakin gadon da hannu har ya dawo inda ya fara. Ya ce, "Shi nake so. Babu inda zai buge ta."

Ya kawo shi gida a amalanke. Nufinsa ya tura shi can lungu bayan ƙofa, inda ko mai leƙe ta taga ba zai ga yarinyar ba. Gadon ya ƙi shiga. Ya gwada wannan lungu, ya gwada wancan, ya jingina shi da bango, ko'ina sai ya bar fili a baya, ya tare hanya a gaba. Da gumi ya ishe shi, ya ja shi tsakiyar ɗaki ya bar shi nan.

Kowace Lahadi, in an tashi daga sujada, Afiniki takan haye rafi ta zo. Takan yi sallama, ba a amsawa. Sai ta zauna a gindin ɗorawar da ke gaban ɗakin, da sabon zanen goyo a ninke kan cinyarta, gama a garin nan kakar yaro ta wajen uwa ce take kawo zanen goyo. In rana ta yi sanyi ta ajiye ƙwaryar kunu a bakin ƙofa ta koma. Manomin yana ciki yana jin tarinta, bai taɓa buɗewa ba.

Ana nan sai Godiya ta rage kuka. Da fari ya ji daɗi, ya ce ta saba. Amma ba sabo ba ne. Madarar ma ta fara ƙin ta, ta ɗan tsotsa ta kau da baki, wuyan hannunta ya zama kamar kara. Yaran da aka haifa tare da ita sun fara dariya, ita kuwa ko murmushi babu. In ya zauna a gefen gadon, sai ta juya kai ɗaya gefen, inda ba kowa sai bango. Ya tashi ya zagaya can, ta dube shi kaɗan, ta sake juyawa inda ya baro. Haka yakan wuni yana kewaya gadon shi kaɗai, duk inda ya tsaya sauran gefen a buɗe yake. Kaɗaici ya cika ɗakin, ya kuwa ji tsoro ƙwarai, gama ya ga 'yar tana shirin bin uwarta.

Wata Lahadi da rana ta ƙi madarar sam. Ya durƙusa ya dafa sandunan gadon, ya yi kukan da bai yi ba ranar binnewa. Sai ya ji tarin tsohuwa a gindin ɗorawa. Ya daɗe a durƙushe, sa'an nan ya tashi ya zare sakata.

Ya ce, "Mama, ki shigo."

Afiniki ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Ɗana, ni ce na ce a jira. Ba ranar da ba na jin bakina yana faɗin maganar nan. Kai ka rasa mata, ni na rasa 'ya, kuma ni na tare ƙofar."

Bai ce ya yafe ba, bakinsa bai kai nan ba tukuna. Ya ce, "Ba ta shan madara."

Tsohuwar ta shiga, ta tsaya a gefen da yarinyar take kallo. Ta sunkuya ta ce, "Ke 'yar nan, haka ake karɓar baƙi?" Idon Godiya ya tsaya a kanta. Ya koma kan ubanta, ya sake dawowa. Afiniki ta warware zanen, ta goya ta, kafin la'asar ta aika aka kira wata mai jego daga zumuntar matan coci, yarinyar ta kama nono.

Daga ranar nan mata suka riƙa zuwa, suna tsayawa kewaye da gadon, kowa da wurinta. Godiya ta yi ƙiba, ta yi dariya. Amma gefen taga ba wanda yake tsayawa, ba kuwa wanda ya hana. Nan ne Fibi za ta tsaya da tana da rai, manomin yakan dubi wurin kullum.

To, ga ma'anar misalin nan. Yarinyar ita ce abin da Ubangiji ya damƙa a hannunka, ko ɗanka, ko ranka, ko ɗan guntun bangaskiyar da ya rage maka bayan baƙin ciki. Lungu shi ne inda kake so ka ɓoye shi don kada a sake cutar ka. Ba na cewa ba a cuce ka ba. Manomin nan gaskiya gare shi, matan sun yi kuskure, kuskuren kuma ya ci rai. Amma Allah bai yi mu don lungu ba, ya sa mu a tsakiyar 'yan'uwa, masu kuskuren nan dai, gama ba shi da waɗansu. Abin da ka kulle don ka tsare shi, a hannunka zai rame.

Ku kuma da kuke zaune a nan, ku dubi bencinku. Akwai wanda ba mu ƙara gani ba tun ranar da muka binne nasa, muka ce fushi yake yi, muka ƙyale shi. Wataƙila mu ne muka tare masa ƙofa. Kada ku jira ya huce. In an tashi yau, ku haye rafi, ku yi sallama. In bai amsa ba, ku zauna a gindin itace, Lahadi mai zuwa ku koma, domin ranar da zai zare sakata ya tarar da mutum a waje.