Jaririn da Ba a Tsinta Ba

Akwai wani manomi da gidansa ke bakin gari, gonar dawarsa kuma tana bayan danga. A ƙasar nan doka ce, duk wanda ya yasar da jariri, alƙali zai ɗaure shi.

Wata rana da kaka, kowa yana gona, sai ƙotar magirbinsa ta karye, ya komo gida da tsakar rana. Ga wata yarinya tsaye a ƙofar zaurensa. Ta rungume jariri, ko cibiyarsa ba ta bushe ba, ganyen dawa na manne a zaninsa.

Ta ce, "Baba, a gonarka na fara kwantar da shi, don gona ba ta da ido. Sai na ga cinnaku sun nufo shi, na kasa tafiya. Ba ni da halin riƙonsa. Karɓe shi, ko da za a ɗaure ni."

Manomin ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya kira matarsa. Tsohuwar ba ta tambayi ɗan wane ne ba. Ta dubi yarinyar ta ce, "Wayyo ɗiyata, haihuwa ba ruwan zafi? Shigo, kin ji." Ta ɗora tukunya, ta dama mata kunun kanwa.

Da maƙwabta suka ji, suka ce, "Ɗan tsintuwa ne! A kai uwarsa gaban alƙali."

Manomin ya ce, "Mu je, ni ma ina da baki."

Alƙali ya tambaye shi, "A ina ka tsince shi?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban tsince shi ba. Miƙo mini shi aka yi, hannu da hannu."

Alƙali ya ce, "Wanda aka miƙa, ba a yasar da shi ba. Ku sake ta. Kai kuwa, riƙe yaron da sanina."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, yasar da jariri a gona ko a bola zunubi ne a gaban Allah, laifi ne kuma a gaban hukuma. Ke da abin duniya ya sha wa kai, kada tsoro ya kai ki inda ba ido. Kai shi hannun mutum, a asibiti ko a gidan fasto, a sanar da hukuma.

Zauren nan kuwa mu ne, ikkilisiya. Ni da na daɗe ina yawon birane kafin na komo, na san yadda ƙafa ke nauyi a bakin ƙofa. Tsakanin gona da zaure ba nisa, fuskokinmu ne ke ƙara wa hanyar tsawo. In ta iso, kowa ya riƙe tambayarsa tukuna. A fara ɗora ruwan zafi.