Ranar da Baba Modu Bai Tayar da Hayaƙi Ba

An yi wani mutum a nan ƙasarmu, shekarun da tsuntsun jan-baki ya addabi manoman shinkafa tsakanin Nguru da Gashua. Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yana, yana da iyali.

Matuƙin jirgin feshi ne. Jirgin tsoho ne tukuf, mai taya biyu a gaba da wata 'yar ƙarama ƙarƙashin wutsiya, in yana tsaye sai ka ce kare ne ya zauna. Irinsa ba ya son wasa wajen sauka. Dole ya fuskanci iska, in ta buge shi ta gefe wutsiyar ce za ta juyo gaba.

To, wurin saukarsa wani fako ne a bayan ƙauye, babu tuta babu komai. Sai wani dattijo, Baba Modu, ya ɗora wa kansa aiki: da ya ji rugugin jirgi zai cinna wa ɗanyen ganye wuta, hayaƙi ya nuna wa matuƙi inda iska ta dosa. Ba wanda ya sa shi. Matarsa Fanne kuma ta aiko da burabusko da kifi. "Ɗana" Baba yake ce masa.

Ashe ɗan nasu sayar da maganin yake yi a ɓoye, ya cika tanki da ruwan kogi. Ya yi ta shawagi bisa ciyawar kacalla inda tsuntsu ke kwana, mutane na ɗaga hannu suna sa masa albarka. Saboda sun yarda da shi, har igiyoyin gwangwanin kora suka kwance. Ya 'yan uwa, wace irin zuciya ce ke cin tuwon mutum sannan ta ci amanarsa?

Shinkafa na nuna, tsuntsu ya sauko kamar hadari. Kowa ya bazama gona, har Baba Modu, yana buga kwano yana ihu, bai ko ji jirgin ba.

Mutumin nan ya zagayo, bai ga hayaƙi ba. Ya yi kirdado ya sauko. Tayoyi na taɓa ƙasa iska ta ɗauki wutsiya, jirgi ya yi juyi, fiffike ya caki fako, tanki ya fashe.

Manoma suka bar wa tsuntsu gonakinsu suka rugo ceto, suna toshe hanci don tsoron guba. Ba wari. Baba Modu ya durƙusa ya sa hannu a abin da ya malalo, ya ɗago da gansakuka.

"Ɗana," in ji shi a hankali, "da wannan kake mana feshi?"

Duk da haka a amalanken Baba aka kai matuƙin asibiti, ƙafafu biyu a karye. Bai sake tashi sama ba, ƙauyen kuma bai kai shinkafa rumbu ba a shekarar. Da Baba ya je dubiya, daga bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Sannu, malam direba." Ya juya.

Kun gani? Ba wanda ya rama. Da hannunsa matuƙin ya kori mai hayaƙinsa zuwa gona. Wanda kake ha'inta yau, wataƙila shi Allah ya ajiye ya nuna maka hanya gobe. Amana nauyi ce, kuma za a tambaye mu.

Allah ya kiyaye mu da cutar wanda ya sakankance da mu, ya sauke mu lafiya duniya da lahira. Amin.