Jatau da Faifan Gwamma

A zamanin da ƙasar nan take dajin ɓauna da giwa, an yi wani maharbi, Jatau, gagara-daji, wanda kibiyarsa ba ta komawa kwari banza. Shi ya kashe ɓaunar da ta hana mutanen Birnin Kurmi ruwa shekara uku. A wurin karɓar tukwicin wannan aiki a fada ya ga Gwamma, 'yar Galadima, zuciyarsa ta ƙi komawa daji.

To, gidan sarauta yana da al'adarsa. Budurwa ba ta amsa wa manemi da baki. In ta yarda, sai ta aiko masa da ruwa a ƙoƙo, an rufe da faifan da ta saƙa da hannunta, shi kuma ya tafi da faifan wurin mahaifinta. 'Ya'yan fada duk sun san haka. Jatau kuwa tashin daji ne, an hore shi kada ya taɓa abin da ba nasa ba. Yakan sha ruwan, ya goge faifai, ya mayar da godiya.

Damina bakwai yana zuwa zance da fatun damisa, damina bakwai yana mayar da faifai. Fadawa na dariya a ɓoye, ba wanda ya ce masa kanzil. Har ya gaji, ya rataya kwari da bakansa, ya nausa gabas, ya haƙa rijiya ya zauna shi kaɗai.

Furfura ta cika masa kai sa'ad da wani ayari ya tsaya shan ruwa. Cikinsu akwai wata dattijuwa, matar Madawaki, za ta ziyarar jikokinta. Gwamma ce. Ta daɗe tana kallonsa.

"Jatau, faifai bakwai na saƙa maka. Me na yi maka ka mayar?"

"Ranki ya daɗe, ai ba nawa ba ne."

"Naka ne," in ji ta.

Ya zauna a bakin rijiyar, guga a hannu. Ta cire faifan ƙwaryarta ta ajiye a gefensa, ayari ya wuce. An ce bai ƙara ɗaukar baka ba.

Daga baya mutane suka taru suka zauna a wurin, aka sa wa garin suna Rijiyar Faifai. Har yau in baƙo ya zo zance can, tsohuwa takan tare shi tun daga zaure ta ce, "Ɗana, in an kawo maka ruwa, ƙoƙon kaɗai za ka mayar."