Ilu da Gyaran Tsohuwar Ƙofa

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai suna Ilu, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da aka fara ƙananan hukumomi. Aikinsa gadin tsohuwar ƙofar gari da guntun ganuwar da kakanni suka bari. Ya share, ya kori awaki, ya hana masu yin bulo kwashe ƙasarta. Abin da hukuma ke ba shi da ƙyar yake ɗora tukunya.

To, ku saurara.

Wata shekara aka ji a rediyo an turo wa ƙaramar hukumar tallafi, a gyara ganuwa, a kuma haƙa wa unguwar bakin ƙofa rijiyar burtsatse, don ruwan kududdufi suke sha. Ba a jima ba sai ga kansila, Alhaji Sallau, wanda bai taɓa ɗaga wa Ilu hannu ba, ya sauko daga mota ya rusuna.

Ya ce, "Baba Ilu, mun naɗa ka uban kwamitin aiki. Kai jama'a suka yarda da kai."

Ilu ya ce a ransa, ruwa ba ya tsami banza. A fili kuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, me zan tsinana muku?"

"Zamanka kawai muke so."

Ya karɓa, yana ganin ko idonsa zai yi amfani. Amma da aka gan shi a motar kansila, sai gari ya ɗauka. "Ilu ma ya shiga." In ya doso majalisar hira, a yi tsit. Har matarsa Tabawa ta tare shi.

"Malam, ka faɗa mini gaskiya, me suka ba ka? Na je suna, mata sai shafa zanena suke, wai ko sabo ne."

Ya ce, "Ba su ba ni komai ba tukuna, Tabawa. Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Aka fara aiki. Aka yaɓe fuskar ƙofa da ke kallon titi, aka shafa farar ƙasa. Bayanta kuwa, tsagar da hannu ke shigewa tana nan. Aka kafa tanki da famfo, amma Ilu bai taɓa jin ƙarar injin haƙa ba. Ana gobe baƙi za su zo daga babban birnin jiha, a gabansa motar ruwa ta cika tankin. Sai ga Sallau ya kawo masa babbar riga da alkawarin za a mai da shi cikakken ma'aikaci mai fansho.

"Gobe in an tambaye ka, ka ce an gama. Shi ke nan, Baba."

Jama'a, tsoho ne fa, ba gona, ba ɗa mai ƙarfi.

Gari ya waye, aka taru, aka murɗa famfo, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa. Babban baƙo ya juyo ya ce, "Baba, kai ne uban kwamiti. Ka shaida an kammala?"

Ilu na tsaye cikin tsohuwar rigarsa. Ya dubi matan da suka jera bokitai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, fuskar ƙofa na shaida. Bayanta, zo mu zagaya. Ruwan nan kuma jiya mota ta kawo shi."

Kafin sati ya zagayo an sallame shi daga aikin gadi. Kuna tsammani gari ya wanke shi? Ina! Cewa aka yi, "Rabon ne bai yi masa daɗi ba, shi ya sa ya tona." Bai bi gida-gida yana rantsuwa ba. Ya riƙa kwaɓa ƙasa yana toshe tsagar nan da hannunsa, ba lada ba la'ada. Da rani ya zo, bayan bincike, aka haƙa rijiyar gaske. Ba a gayyace shi buɗe ta ba. Har ya koma ga Allah akwai masu zarginsa, kuma daga rijiyar suke sha.

Darasin a fili yake: shaida amana ce, kuma mai gaskiya ba ya jiran a yaba masa. A cikinku akwai 'yan kwamitin makaranta, na masallaci, na magudanar ruwa. Ran da aka ce ka ce an gama alhali ba a gama ba, ka tuna za a sake tambayarka inda babu kansila. Ku kuma masu zaman majalisa, ku sa ido a kan aikin hukuma, haƙƙinku ne, amma kada ku yanke wa mutum hukunci da zato. Allah Ya tsare harsunanmu.