Loma Ɗaya a Akushin Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙafarta!

Ta zo mu ji ta, ga wurin zama.

To, ku matso. Kai mai gyangyaɗi, in ka faɗa wuta babu ruwana.

Wata Bushiya ce, da 'ya'yanta bakwai, da akushinta guda. Akushin nan ba irin na gidanku ba ne. In an cinye abin da ke ciki tas, aka wanke, aka kife, ana buɗewa sai ga tuwo, malmala kan malmala, miya na tururi. Amma in aka rage ko loma ɗaya, shi ke nan, ya yi zuciya, ba ya ƙara kawo komai sai an cinye ta. Da shi take ci, da shi take ciyar da unguwa.

A zamanin nan duniya ta manya biyu ce. Toron Giwa ke da Gabas, Bajimin Ɓauna ke da Yamma. Kowa na harkarsa, har wata Mesa ta fito tana haɗiye gari da ganuwarsa. Ta haɗiye na gabas, ta haɗiye na yamma. Dole ta sa manyan suka haɗa kai. Toro ya take wutsiya, Bajimi ya soke kai. Mesa ta mutu a ƙofar gidan Bushiya.

Bushiya ta rangaɗa guɗa, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo musu akushi. Wa ya aike ta?

Suka sa hannu. Toro ya kai loma ya ce, “Ba don ƙafata ba, da yanzu kana cikinta.”

Bajimi ya kai loma ya ce, “Ba don ƙahona ba, da har gobe wutsiya kake takawa.”

Suna ci suna gori, suna ci suna gori, har saura loma ɗaya. Kun dai san al'ada: babba ke fara tsame hannu, ya bar wa yaro suɗi.

Toro ya tsame. “Na bar maka, Bajimi. Cinye.”

“Wa? Ni? Ai na riga ka tsamewa. Cinye, yaro, ka ƙara girma.”

“Ni ne yaron?”

“To, da wa nake?”

Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Loma na zaune, manya na zaune, gidan Bushiya babu tuwo.

Bushiya ta je gaban Toro ta durƙusa. “Ranka ya daɗe, loma ɗaya ce fa, ko haƙorinka ba za ta taɓa ba. Yarana na jin yunwa.”

Toro ya ce, “Shi ya aiko ki? Ke ta wa ce, tawa ko tasa?”

“Ni ta 'ya'yana ce.”

“Babu wannan a duniya!” Ya sa ƙafa ya ja layi a ƙasa, layin ya ratsa tsakar gidanta. Murhu ya faɗa Gabas, ɗaki ya faɗa Yamma.

Ta je gaban Bajimi ta durƙusa. “Ranka ya daɗe, loma ɗaya ce fa.”

Bajimi ya ce, “Na ga sanda kika je wurinsa. Ke ta wa ce?”

“Ni ta 'ya'yana ce.”

“Babu wannan a duniya!” Ya sa aka jibga ƙaya a kan layin. 'Ya'yanta huɗu suka tsinci kansu a nan, uku a can, suna hangen juna ta cikin ƙaya.

Ta je wurin Kunkuru, dattijon unguwa. Kunkuru ya kira taro, ya ce a raba lomar biyu. Madalla. To wa zai raba? Wa zai fara ɗauka? Wa zai fara haɗiyewa? Aka shekara uku ana taro. Abin da aka cimma shi ne ranar wani taron.

Toro ya wasa haure, Bajimi ya wasa ƙaho. Toro ya tara duwatsun jifa ɗari, Bajimi ya tara ɗari da ɗaya. Toro ya ƙara, Bajimi ya ƙara. Toro ya ɗauki Ƙuda ya riƙa leƙo masa asiri, Bajimi ya ɗauki Sauro. Ƙuda da Sauro suka yi kumatu, 'ya'yan Bushiya suka koma ƙashi da rai. Kowane babba ya haye tulin duwatsunsa don ya fi ɗan'uwansa tsawo. Ba wanda ya yi jifa, don kowa ya san in ya jefa, shi ma kansa ba hula.

Ran nan autan Bushiya ya daina kuka, don ba shi da ƙarfin yi. Zuciyar Bushiya ta yi ƙuna. Ta fito ta ɗaga kai. Ga Toro can sama, ga Bajimi can sama, ido cikin ido. Tsoron juna ya hana kowa ƙiftawa, balle ya kalli ƙasa.

Ta ce, “Au, haka ne?”

Da rana tsaka, ba sanɗa ba komai, ta taka zuwa akushi. Loma ta bushe ƙamas. Bushiya ta ce, “Ni dai ƙarama ce, ban taɓa musu ba. Suɗi nawa ne.” Ta gartsa, haƙori ɗaya ya fita, ta haɗa da shi ta haɗiye. Ta wanke, ta kife, ta buɗe. Tuwo! Ta kutsa ta cikin shingen, ƙaya ai ba baƙuwarta ba ce, ta tattaro bakwai ɗinta. Suka ci, unguwa ta ci, har Kunkuru ya baro taro.

Manyan fa? Suna can har yau. Ba su san babu lomar ba. Sun haifi 'ya'ya a kan duwatsu, 'ya'yan sun gaji harara. In ka tambayi jikan Toro me jikan Bajimi ya yi masa, sai ya ce, “Ya san abin da ya yi.”

Girman kai rawanin tsiya. Wanda ya yarda shi ƙarami ne, shi ke kwana da ƙoshi.

Ƙurunƙus, na kife akushina. In ƙarya na yi, ku hau duwatsun ku tambaye su.